Ranar da Baba Ya Rubuta Awo

Masu bin labarin nan, ku matso kusa, maganar yau ba ta ɗaga murya ba ce. Wata daga cikinku ta rubuto mini cewa ta lura kullum ina ambaton Umma da Kawu da saurayina Dogo, amma ko sau ɗaya ban taɓa cewa Baba ba, ko ya rasu ne? Bai rasu ba, 'yar'uwa. Yanzu haka da nake rubutun nan ina jiyo ƙarar almakashinsa ta bango. Ni ce na ɓoye shi, na ɓoye muku, na ɓoye wa wanda zan aura, kuma na gaji.

Ranar Laraba da yamma na dawo daga aiki na tarar an sauke labulen falo, an ja kujeru tsakiya, Umma ta ɗaure kai da tsohon ɗankwali tana goge gilashin taga kamar da shi suka yi faɗa. Yayanta, wato Kawu, yana zaune ya ɗora makullin motarsa a gwiwa. Duk wannan hidimar ta ranar Asabar ce, ranar da iyayen Dogo za su zo gidanmu karo na farko su ga iyayena.

"Ajiye jakar ki zauna," in ji Kawu. "Asabar da safe zan zo in ɗauki mahaifinki in kai shi gidan Gwaggonki ya wuni can. Ni zan karɓi baƙin. In sun tambaya, ya tafi ganin likita."

Na ce, "Kawu, amma ai shi ne..."

"Shi ne me?" Umma ta katse ni, ko juyowa ba ta yi ba. "Shi ne zai tambayi mutane su wane ne sau biyar kafin shayi ya huce? Ko shi ne zai ba su labarin ya je kasuwa da safe, alhali ko bakin titi bai taka ba?" Ta matse tsumman hannunta a bokiti, muryarta ta sauka. "Ba ƙinsa nake ba, kin sani. Shekara ashirin ina rufa masa asiri. Ba zan zauna ina kallo a yi masa dariya a falonsa ba."

Kun san me na ce? Na ce to. Ni da bakina, ba wanda ya murɗe mini hannu.

Bari in gaya muku waye Baba, don kada ku ɗauka wani abin ƙyama muke ɓoyewa. Tela ne na kayan maza, shekara arba'in yana ɗinki a shagon da ke manne da gidanmu, ƙofa ɗaya ta titi, ɗaya ta cikin gida. Abin da aka san shi da shi guda ne: bai taɓa rubuta awo ba. Zai zagaya ka da tef sau ɗaya, yana motsa leɓe, ya ce jeka. Bayan shekara uku in ka aiko da yadi, zai yanka ya ɗinka, ka saka ta zauna ɗas. Yana yi wa telolin da ke yawo da littafi tsiya, wai in littafin ya jiƙe sana'arsu ta jiƙe. Shi ya sa mini suna Allura, saboda ina ƙarama ba ni da auki, kuma ba inda ba na kutsawa. A cinyarsa na koyi taka keken ɗinki, ƙafata a kan tasa.

Giya kuwa ban san ranar da ta shigo gidanmu ba. Na dai tashi na ga akwai wani lungu a bayan shago, inda ake jingine bandir ɗin yadi, da Baba ke shiga ya ce zai duba kaya. Da safe hannunsa yana rawa, zare ba ya shiga allura. In ya shiga lungun ya fito, hannu ya tsaya cak. Ina yarinya har na ɗauka addu'a yake yi a ciki. A hankali ya daina cin abinci sai tsakura. Abin da ke sa shi dariya da ya daina sa shi. Mutumin da ke auna abu sau biyu kafin ya yanka ya koma yanke magana da yadi duk a gaggauce, ya yi faɗa da kwastoma yau, gobe ya rasa dalilin faɗan. Bai taɓa ɗaga wa ɗayanmu hannu ba. Ya dai riƙa yin nisa ne yana zaune a gabanmu.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ku. Wata goma sha huɗu da suka wuce, ya yanka wa wani ango riga hannu ɗaya ya fi ɗaya, mutumin ya tsaya a bakin titi ya kira shi da sunan da ba zan maimaita ba. Washegari da safe na shiga lungun nan raina a ɓace. Na zaƙulo kwalabe daga cikin bandir, daga ƙasan keke, har da wata da ya zuba a robar man keke. Na juye su duka a makwarara, na kulle ƙofar titi, na zura makullin a aljihuna. Na ji ni jaruma ce. Na ce a raina, daga yau an gama.

Yini na farko gumi ya yi ta yi yana roƙona, na toshe kunnena. Na biyu da rana tsaka ya fara kakkaɓe jikinsa wai tururuwa na hawansa, bango fes ba komai. Kafin in ɗebo ruwa in dawo ya faɗi tsakanin keke da tebur, jikinsa na jijjiga, idonsa ya juye. Har yau in na ji an ja kujera a ƙasa da ƙarfi sai gabana ya faɗi.

Kwana tara ya yi a asibiti. Likitar da ta duba shi wata dattijuwa ce mai tabarau a kan hanci. Ta same ni a baranda ina kuka, ta tambaye ni sana'ata. Da na ce ɗinki, sai ta zauna kusa da ni.

"To kin san zaren sama da na ƙasa," ta ce. "A ƙwaƙwalwa akwai sinadaran da ke zaburar da mutum, akwai masu kwantar da shi, suna jan juna daidai. Giya ɓangaren masu kwantarwa take shiga ta ja da ƙarfi. Ita kuma ƙwaƙwalwa sai ta sassauta nata na kwantarwa, ta ɗaure na zaburarwa tamau, don ɗinki ya zauna. Shekara ashirin a haka take. Ke kuma rana ɗaya kika tsinke zare guda. Me zai sami yadi?"

Na ce, "Zai tattare."

"Abin da kika gani ke nan. Wanda jikinsa ya saba irin haka ba a raba shi da ita farat ɗaya a gida, a hannun likita ake yi, da magani. Da kun ƙara jinkiri da wani zancen ake."

Ta ce abincin da ya daina yi masa daɗi da dariyar da ta ɗauke duk daga nan ne, ƙwaƙwalwar ta rage nata sinadarin jin daɗi har ta koma ba abin da ke motsa ta sai abin da ta saba. Ta taɓa goshinta ta ce nan gaba ne mutum ke auna abu kafin ya aikata, kuma nan giya ta fi ci. Sai ta zo kan mai wuyar. Shekarun da ya yi yana sha ba ya ci sun hana jikinsa wani bitamin da ake kira B1, rashinsa kuwa ya lalata wurin da ake ajiye sabon abu. Na da yana nan, abin da hannu ya iya yana nan, amma sabo ba ya zama.

"Wannan ba ke kika jawo ba," ta ce, "ya daɗe yana tahowa. In ya ba ku labarin da bai faru ba, kada ku ce ƙarya yake. Gurbi ya tarar, ƙwaƙwalwar ta cike masa da abin da ta samu. Wasu suna samun sauƙi a hankali in sun daina sha suna cin abinci, wasu kaɗan, ba zan yi miki alkawari ba. Ku dai saya masa littafi ya riƙa rubuta komai."

Littafi. Wa Baba. Na saya, mai baƙin bango, har da biro mai igiya. Ya juya shi a hannu ya ce, "Allura, ni za ki ba wa littafi? Shekara arba'in?" Ya ɗora kofin shayinsa a kai. Har ranar Larabar nan da nake ba ku labari, aikin littafin ke nan.

Tun daga asibiti bai ƙara sha ba. Ya yi ƙiba kaɗan, ya yi laushi, yana cin burodinsa da ƙwai yana yaba wa Umma. Da safe in mun fita aiki, ni shagon ɗinkin kayan mata, Umma ofishin makaranta, sai ya buɗe shagonsa ya zauna, mai askin da ke tsallake yana sa masa ido. Ba mai kawo ɗinki. Yakan yanka tsofaffin ƙyallaye ya jera. In na dawo ya ce, "Allura, kin ci abinci?" In amsa. Kafin in cire takalmi ya sake tambaya. Wata rana ina amsawa da dariya, wata rana ina shiga banɗaki in buɗe famfo don kada a ji ni.

Shi kuwa Dogo, ga waɗanda suka shigo labarin yau, mai gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki ne. A wurin aikina na fara ganinsa, ya miƙa hannu zai kwance na'ura, hannun rigarsa ya tsaya can baya da agogonsa kamar ya aro ta ƙaninsa. Na yi dariya, ya ji ni. Ya ce duk kasuwa ba rigar da ke kai masa wuyan hannu, in na isa tela in gyara. Daga nan aka fara. Wata goma muna tare, abin da ya sani game da Baba shi ne yana da hawan jini kuma ba ya son baƙi. Ni na shirya masa wannan ƙaryar, na goge ta tsaf. Mahaifinsa tsohon shugaban makaranta ne, irin mutanen nan da ko tarinsu a tsare yake. Tsorona kada su ji kalmar mashayi su tattara ɗansu su tafi.

Alhamis ina cin abincin rana wayata ta yi ƙara, saƙon Dogo ne.

"Ranki ya daɗe, ina cikin matsala. Rigar Asabar ba ta samu ba."

Na rubuta, "Wace riga?"

"Wadda na kai ɗinki. Sati uku ke nan telana yana auna ni."

"Kana neman tela ka kai ɗinki wani wuri? Allah ya ƙara. Wane irin tela ne ke awo sati uku? Je ka karɓo yadinka ka kawo mini."

"Ba zan karɓa ba. Ya fi ki iyawa."

Na tura masa hoton fuska mai harara, ya turo mai dariya har uku. Na kife wayar ina jin haushi, har na ɗinke wa wata aljihu a rufe. Ko kusa ban kawo komai a raina ba. Alhali sati uku ke nan ina ganin wani yadi ruwan sararin sama a kan kantar Baba. Na tambaye shi sau biyu. Na farko ya ce wani ɗan kasuwa ne ya aiko, na biyu ya ce shi ya sayo da kansa. Na ɗauka cikin tsofaffin kaya ya tono shi.

Juma'a mai shagonmu ta sallame ni tun ƙarfe goma in je in taya Umma shiri. Ina shawo kwanar layinmu na ga babur ɗin Dogo a ƙofar shagon Baba, da akwatin kayan aikinsa ɗaure a baya. Na lallaɓa ta ƙofar gida, na cire takalmi, na tsaya a bayan ƙofar da ke shiga shago. A buɗe take kaɗan.

Dogo na tsaye ya ware hannuwa, kansa ya kusa taɓa fanka. Baba na zagaya shi da tef a wuya, yana motsa leɓe.

"Kafaɗa sha tara. Miƙe hannun, samari. Ashirin da bakwai. Kai, wannan hannu, da shi kake ciro mangwaro ba sanda?"

Dogo ya yi dariya. "Haka ka ce wancan karon ma, Baba."

Baba ya dakata. Na san wannan dakatawar, gurbi ya tarar. "Eh mana, na gane ka. Kai ne ɗan mai kantin nan, na ɗinka wa babanka kwat."

Na rufe ido. Na jira Dogo ya ce eh don a wuce wurin, yadda mu duka muke yi a gidan.

"A'a, Baba," ya ce a hankali. "Ni mai gyaran firiji ne. Wannan zuwana na biyar. Ga yadina can a kanta, mai ruwan sararin sama. Ni ne mai neman Allura."

Baba ya naɗe tef ɗin a yatsunsa, ya ja kujerar keke ya zauna, ya nuna wa Dogo benci.

"Zauna, ɗana. In haka ne akwai abin da ya kamata ka ji daga bakina kafin ka ji a titi. Ni mashayi ne. Shekaru na yi ina sha, na ɓata sana'ata, na wahalar da matata. An ce na daina, kuma ina jin na daina, don hannuna ba ya rawa. Amma giyar ta tafi da wani abu a nan." Ya taɓa kansa da yatsa. "Yarinyar nan ba ruwanta. In za ka riƙe ta da laifina, tashi tun yanzu."

Na toshe bakina da mayafi. Abin da muka sauke labule muka goge taga muka haɗa ƙarya don mu ɓoye, ga mai shi yana miƙa shi da hannu biyu.

"Ka gaya mini, Baba," in ji Dogo. "Sau huɗu."

"Sau huɗu?"

"Duk zuwan da na yi. Kalma ɗaya ba ka taɓa canzawa ba."

"Ka kuma dawo."

"Rigata na hannunka ai."

Baba ya yi wata 'yar dariya da rabon da in ji irinta tun ina makaranta. Sai ya ce, "To me na ce maka a kan yarinyar?"

"Ka ce in tana so, ka amince. Ka ce tana da tsiwa, in yi haƙuri."

Ku ji fa. Mutumin da ba ya tuna ya karya kumallo, tsiwata ce bai manta ba.

"Yaushe mutanenka za su zo?"

"Gobe, da hantsi."

Baba ya dubi hannuwansa ya daɗe. "Ga shi zan sake mantawa," ya ce, ba da Dogo yake ba. "Kafin ka kai bakin titi na manta." Ya dubi littafin nan da kofi ke kai, ya kau da kai. Sai ya miƙa hannu ya ɗauki allin da yake zana yadi da shi, ya share teburin yanka da gefen hannunsa, ya sunkuya. Ina jin ƙarar allin a kan katako. Ya rubuta da manyan baƙaƙe, yana faɗa a fili: "Kafaɗa sha tara. Hannu ashirin da bakwai. Yadi mai ruwan sama. Mai neman Allura ne. Na amince. Baƙi ranar Asabar." Ya sake ɗaukar tef ya auna wuya da ƙirji da tsawo, kowanne yana aunawa yana rubutawa.

Da ya gama ya kakkaɓe yatsunsa ya ce, "Kada ka gaya wa teloli."

A nan kukan ya ƙwace mini. Na tura ƙofar na shiga, fuska duk hawaye, ƙafa ba takalmi. Baba ya ɗago ya ce, "Allura, kin ci abinci?"

Na raka Dogo wajen babur ɗinsa, na kasa haɗa ido da shi. Na ce, "Tun yaushe?"

"Tun ranar da na ce bari in zo in gaida mai hawan jini ko zai kore ni. Mai aski ya nuna mini ƙofa."

"Me ya sa ba ka ce mini komai ba?"

"Jira nake ki faɗa da kanki. Na ga abin ya yi miki nauyi, ban so in fizge."

"Na yi maka ƙarya wata goma."

"Kin yi. Na ji zafi kuwa, ba zan ɓoye miki ba." Ya gyara igiyar akwatinsa. "Amma da na zauna da shi na gane abin da kike karewa. Kada dai ki ƙara."

Na ce, "Su Abbanka sun sani?"

"Ban faɗa ba. Ba sirrina ba ne." Ya hau babur ɗin. "Kin ce in karɓo yadina in kawo miki. To ga shi can, ku san yadda za ku yi da ni kafin gobe."

Ranar nan ban goge ko kofi ɗaya ba. Baba ya shimfiɗa yadin a gefen rubutunsa, ya duba lamba ya zana, ya duba ya zana. Da ya ɗauki almakashi sai na ga Babana na da, kafaɗa a miƙe, yanka ɗaya ba gyara. Ni na hau keke. Sau uku yana tambayata rigar wa muke yi, sau uku ina nuna masa tebur. Duk karantawar da zai yi sai ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ashe? Kina son sa?" In ce eh. Ya ce, "To madalla." Sau uku aka yi mini albishir ɗin aurena a yini ɗaya, kuma kowanne sai da na ji shi har cikin raina. Shi ya haɗa kwala, shi ya dasa maɓallai da hannu. Kafin rana ta faɗi Dogo ya biyo ya karɓa. Da Umma ta dawo na kama hannunta na kai ta gaban teburin. Ta karanta, ta sake karantawa, sannan ta fita.

Asabar ƙarfe takwas motar Kawu ta tsaya. Ni ina ɗaki na saka doguwar rigata ruwan zuma, ina fama da ɗan kunne. Na fito na tarar Kawu a tsakar falo yana kaɗa makulli, sabon labule na ƙamshin guga. Sai ga Baba ya fito ta ƙofar shago, ya saka farar rigarsa da ya ɗinka wa kansa tun ina firamare, akwai alli a yatsunsa.

"Tela, shirya mu je, 'yar'uwarka na son ganinka," in ji Kawu.

"Ba inda za ni, Yaya. Ina da baƙi yau."

"Wa ya gaya maka?"

"A rubuce yake. Kuma rubutuna ne, na san hannuna."

Kawu ya juyo ya dube ni, irin kallon da ke sa in tuna duk laifin da na yi tun haihuwa. Duk da haka na ce, "Kawu, ka yi haƙuri. Ranar Laraba na ce to, ban kyauta ba. Ina so Babana ya karɓi baƙina. Ka zauna kusa da shi, in ya ɓata hanya ka tayar masa."

Kawu ya buɗe baki, Umma ta riga shi. Ta matso ta gyara wa Baba kwalar rigarsa, ta goge masa allin da gefen mayafinta. "Bar shi, Yaya," ta ce. "Falonsa ne."

Ƙarfe sha ɗaya aka ƙwanƙwasa. Baba da kansa ya buɗe. Ni da Umma muna leƙe ta labulen kicin. Mahaifin Dogo ne a gaba da sandarsa, sai mahaifiyarsa, sai shi a baya ya sunkuyo don kada ya bugi ƙofa. Baba ya gaisa da manyan, ya zo kan Dogo, na ga idonsa ya wuce fuskar bai tsaya ba. Bai gane shi ba.

Dogo ya miƙa hannu. Karo na farko a rayuwarsa hannun riga ya sauka daidai kan agogonsa. Baba ya riƙe hannun bai saki ba. Ya juya bakin hannun rigar, ya bi ɗinkin da babban yatsa, ya taɓa maɓallin.

"Wannan ɗinkina ne," ya ce. Ya ɗago a hankali, ya bi dogon hannun da kallo har kafaɗa. "Ashirin da bakwai. Kai ne. Shigo, ɗana."

Suka zauna, Kawu a hannun daman Baba. Na ɗauki tiren shayi. Ban kai ga ɗaga labule ba na ji Baba ya gyara murya.

"Kafin a sha komai," ya ce, "akwai abin da ya kamata ku ji daga bakina, kada ku ji a titi."

Umma ta zabura za ta shiga. Na ajiye tiren, na riƙe hannunta da nawa biyu. Ta dube ni, na dube ta, idonmu duka ya cika. Ba ta ƙwace ba. Muka tsaya a bayan labulen muna sauraron Baba.